Masu Cin Iskar Kududdufi

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ni abin da ya dame ni laka ce. Kowa na zancen zaɓe, ana liƙa hotunan 'yan takara a bangon gidanmu ba tare da an nemi izinin kowa ba, ni kuwa ina tsugune a bakin kududdufin da ke bayan layinmu a Yakasai, da sanda a hannu ina tsokalar ƙasan ruwa. Digiri na biyu nake yi a lokacin, da safe kuma ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Matan unguwa da ke leƙo ni ta katanga sun gama yanke hukunci cewa boko ya taɓa min kai.

Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ya san kumfar nan da ke tasowa idan an taka laka. Iska ce, kuma idan aka tara ta a kwalba aka ƙyasta ashana tana kamawa da wuta. A makaranta methane muke ce mata. To akwai wasu ƙwayoyin halitta, bakteriya, da ido ba ya gani, waɗanda ba su da wani abinci a duniya sai wannan iskar. Littattafanmu sun raba su gida biyu, kowane gida da siffarsa da ɗabi'arsa. Aikina shi ne in kamo na kududdufinmu, in raine su a kwalba, in faɗi daga wane gida suka fito. Ranar da malamin da ke duba aikina ya faɗa min haka, na ɗauka kafin damina ta fita na gama.

Abin da ya sa ya zaɓi kududdufinmu, wata kusurwa ce guda ɗaya. Yawancin kududdufan cikin birni ruwan wanki da toka ne ke kwarara cikinsu, saboda haka ba su da tsami ko kaɗan. Amma matan layinmu masu sana'ar koko ne tun kafin a haife ni, kullum suna tace gasara suna zubar da ruwan tsami, rariya ta kwashe shi ta kai wannan kusurwar. Muna da wata 'yar takarda da ake tsomawa a ruwa, idan akwai tsami ta yi ja, idan babu ta yi kore ko shuɗi. Na tsoma ta a kusurwar ta yi ja. Malamina ya ce littattafai sun nuna waɗannan halittu ba sa son tsami, don haka idan har na same su a nan suna rayuwa, ba mamaki ba 'yan gidan farko ba ne, ba kuma 'yan na biyu ba. Ya faɗi haka yana murza hannu, ni kuma na koma gida ina jin kaina ya yi girma.

A cikin masu kokon nan babu wadda ta kai mahaifiyata ciniki. Inna muke ce mata. Ni ce 'yarta ta fari, kuma mu asalinmu Fulani ne da suka daɗe da zama a birni. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, harshen ya tafi, kunya ce kaɗai ta rage mana, ita kuwa Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta yi min magana kai tsaye. Ana yaye ni aka kai ni wurin goggona a Koki, a can na girma, sai bayan rasuwarta na dawo gida da akwatina da littattafaina. A bakin Inna sunana waccan, idan kuma ranta ya yi daɗi, 'yar Koki.

Ƙanwata ce ke tsakaninmu. Tela ce, mijinta yana fatauci a kudu, tana zaune a gida da kekenta a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Duk maganar da za ta shiga tsakanina da Inna sai ta bi ta kanta, ko da mu ukun muna zaune a tabarma ɗaya.

"Ki tambayi waccan," in ji Inna wata rana, ina tsaye a gabanta da bokitin laka, "me take nema a cikin ƙazantar unguwa?"

Na ce wa ƙanwata, "Ki ce mata wasu halittu ne masu cin iskar da ke fitowa daga ƙasan ruwa. So nake in san danginsu."

Ƙanwata ko ɗagowa daga keken ba ta yi ba. "Inna, ta ce kiwo ta fara. Dabbobin ba a ganin su, ba a cin su, ba a sayar da su."

Inna ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗe. Na ji haushin su duka biyun.

Yadda ake kiwon ba shi da wuya a faɗa. A samu kwalba mai murfin roba, a sa laka kaɗan, a zuba ruwan kusurwar nan wanda aka tace aka tafasa don ya kashe duk wani baƙo da ke ciki. Sai a ɗura iskar da sirinji ta cikin robar, a ajiye. Bayan kwanaki a soka wani sirinjin da aka ja bayansa. Idan sun ci iskar, kwalbar za ta zuƙe bayan sirinjin ciki da kanta, kana kallo. Nawa sun ci, amma a hankali ƙwarai, kamar marar lafiyar da ake lallaɓawa. A madubin da ke ƙara girman abu na gan su, gajeru ne masu kauri, kuma inda suka taru sai su yi wani farin yauƙi. Ban ga hotonsu a littafin da muke da shi ba.

Sai abubuwa biyu suka faɗo min kusan tare. Na farko, bayan an rantsar da sababbin shugabanni, wata safiya muka ji ƙarar tifa a bayan layi. Yashi da ɓaraguzai ake juyewa a kududdufin. Wasu suka ce wani ɗan siyasa aka ba, wasu suka ce masu unguwa ne suka sayar, wasu suka ce makaranta za a gina, wani tsoho kuma ya rantse cewa asibiti ne. Na tambayi direban tifar, ya ce shi dai an biya shi ya kawo yashi. Na ruga Ƙofar Wambai na sayo jarkoki, na cika su da ruwan kusurwar, na kwashi laka iya ƙarfina na zuba a wata tsohuwar randa, na ja ta zuwa ɗakina. Kafin wata ya mutu babu kusurwar, an shafe ta.

Na biyu, aka shiga yajin aiki a jami'a, aka garƙame ɗakin gwaje-gwaje. Da ƙyar na samu na fito da kwalabena. Iskar ba ta ba ni wahala ba, domin akwai wata ganga ta kashin shanu a bayan sashenmu, a fili take, tana fitar da irin iskar nan. Nakan cika tiyub ɗin tayar mota da ita in rungumo shi a bas, fasinjoji suna matsawa suna harara ta. Tafasa ruwa ce ta koma gida. Nakan jira Inna ta gama da murhu, bayan la'asar in tsoma takardata a ruwan in ga ta yi ja, in ɗora tukunya, in shiga ɗaki in yi ta gyaran jarrabawar 'yan makaranta har ya tafasa. Idan ya huce in zuba a kwalabe, ragowar kuma in yayyafa wa lakar randa don kada ta bushe.

A farkon dawowar kwalaben gida, halittun suka ƙi ci gaba ɗaya. Sirinji ya tsaya cak. Na zauna a gefen keken ƙanwata ina ta mita, ina cewa canjin wuri ne, ko zafin ɗaki ne, ko kuma mutuwa suke yi ban sani ba. Ta ce in kai su kantin magani a yi musu allura. Inna tana can bakin murhu ta juya mana baya.

Ba a daɗe ba kuwa suka fara ci, kuma ci na gaske. Ka soka sirinji ya zuƙe har ƙarshe kafin ka ƙifta ido. Na fito tsakar gida da kwalba a hannu ina cewa, "Sun ci, wallahi sun ci." Ƙanwata ta yi min guɗa ta tsokana. Ban ga abin da Inna ta yi ba, don ban duba wajenta ba.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Da na zuƙo ruwa daga wata kwalba na ɗiga a takarda, sai ta yi shuɗi. Na ɗauko wata kwalbar, shuɗi. Duka shuɗi. Ni da hannuna na gwada ruwan nan kafin in ɗora shi a wuta, ja ne. Kwalaben a rufe suke da roba, ɗakina a kulle, makullin yana jakata. Ina tsamin ya tafi?

Na je har gida wurin malamina. Ya saurare ni, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce ko dai halittun nan suna gyara wa kansu wurin zama ne, suna kashe tsamin da kansu don su ji daɗin ci, kuma idan haka ne to na yi babban kamu. Ya ce amma in zuba ruwan zalla a wata kwalba, babu laka, babu komai, in ajiye tare da sauran, mu ga abin da zai faru. Na yi hakan ina addu'a ta fito ja. Ta fito shuɗi ita ma. Ke nan ba halittun ba ne, tunda babu kowa a cikinta.

Daga nan na fara zargin duk abin da ba ya magana. Na zargi kwalaben, na wanke su har hannuna ya yi fari. Na zargi tukunyar, na koma Ƙofar Wambai na sayo sabuwa. Na zargi tokar murhu, na ce ita ce ke faɗawa ciki, na ɗaure murfin da tsumma na ɗora dutse. Na zargi takardar, na ce ta tsufa, na aro ta wata ƙawata. Wata Juma'a da Inna ta tafi gaisuwar mutuwa ta yini a can, na tafasa ruwa, bayan ya huce na gwada, ya fito ja, kwalabensa ma suka zauna a ja. Na ce alhamdu lillahi sabuwar tukunya ta yi magani. Na sake tafasawa a tukunyar nan ɗin dai bayan 'yan kwanaki, ya fito shuɗi. Ban haɗa wannan da wancan ba. Har na kai ga tunanin ko ranar mako tana da hannu a ciki, ni da nake koya wa yara kimiyya da safe.

Da aka janye yajin aiki aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje, na kai kwalabena gaban madubi. Gajerun nan masu kauri babu su. Wasu dogaye ne sirara suka cika wurin, kuma inda suka taru launinsu ya yi ja-ja-ja maimakon fari. Waɗannan kam na san su. Hotonsu na nan a littafi, 'yan gidan farko ne sak, irin waɗanda za a samu a kowane kududdufi a garin nan. Malamina ya leƙa madubin ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Malama, kin tabbata abin da kika gani da farko kin gan shi?" Bai ce na yi ƙarya ba, amma na fita daga ɗakin cike da kunya. Abin takaicin shi ne ni kaina na fara tambayar kaina haka.

Na dawo gida na wuce kai tsaye wurin randar, domin ita ce abin da ya rage min. Na ce ko kwalabe sun lalace, zan sake farawa daga laka. Na danna takarda a cikinta. Shuɗi. Watanni ina yayyafa mata ruwan nan da hannuna. Na fita bayan layi ba tare da na san me zan yi a can ba. An riga an ɗaga ginin har ya kai taga, jerin shaguna ne ashe, ba makaranta ba, ba asibiti ba. Na tsaya ina ƙoƙarin gane ta ina kusurwar take, ko ƙarƙashin shago na biyu ko na uku. Wani birkila ya tambaye ni ko haya nake nema.

Jarka ɗaya ta rage da ɗan ruwa a ƙasanta. Washegari bayan la'asar na gwada shi, ja, na ɗora a wuta don ban san abin da zan yi ba sai abin da na saba. Amma kaina yana ciwo, ɗakin ya yi min zafi, sai na kwanta a tabarma bayan keken ƙanwata, inda tulin atamfofi ya kare ni. Ina kwance ina kallon tukunyar.

Inna ta fito daga ɗakinta. Ta dubi ƙofar ɗakina ta ga labule a sake. Ta je murhu, ta ɗauke dutsen, ta kwance tsumman, ta buɗe murfin ta sunkuya ta shaƙi tururin, ta yamutsa fuska. Sai ta miƙa hannu kan katanga ta ɗauko gwangwanin da take jiƙa kanwa, ta tsiyaya a ciki, ta juya da ludayi, ta sake shaƙa, ta ƙara kaɗan. Ta rufe, ta ɗaure tsumman yadda na ɗaure shi, ta mayar da dutsen daidai inda yake. Haka take yi wa miyar yakuwa idan ta yi tsami, na ga ta yi sau ba adadi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Inna, me kika zuba?"

A iya sanina wannan ne karo na farko da na jefa mata tambaya kai tsaye da murya sama. Keken ƙanwata ya tsaya. Inna ba ta dube ni ba, ƙanwata ta duba.

"Ki gaya mata kanwa ce," ta ce. "Ruwan nan tun daga ƙofar ɗaki nake jin tsaminsa. Wane mai rai ne zai sha wannan ya ji daɗin cin abinci?"

"Tun yaushe?"

"Ki ce mata tun ranar da ta zauna a nan tana cewa ba sa ci. Na ce bari in ɗan rage musu. Kuma ai sun ci. Ita da bakinta ta fito tana faɗa, har kina yi mata guɗa."

Ƙanwata ta mayar da kai kan ɗinkinta.

Na ce, "Tsamin suke so. Don tsamin nake kiwon su. Waɗanda suka ci wasu ne daban, nawa sun mutu, kuma kududdufin babu shi." Na faɗi haka ina kallon Inna, ita kuma tana kallon gwangwanin da ke hannunta. Na shiga ɗaki na saki labule.

Na zauna a gefen gado na rasa wane irin kuka zan yi. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba, aikin shekara da wani abu ya tafi a cokalin kanwa. Amma wani tunani ya ƙi barin fushin ya zauna da kyau. Matar nan da na ɗauka ko tarina ba ta ji, ashe duk mitar da nake yi a gefen keke tana kwashewa. Ta san ranar da suka ƙi ci, ta san ranar da suka ci. Ta koyi yadda nake ɗaure tsumma. Watanni tana fitowa a ɓoye tana yi wa dabbobina girki, kuma ta yi ta jin ina zagin tukunya da toka ba ta ce uffan ba, don a ganinta wata matsalar ce daban nake fama da ita, tata gudummawar kuwa tana aiki. Ban san ko in fita in ba ta haƙuri ba, ko in jira ta ba ni. A gidanmu babu hanyar yin ko ɗaya daga ciki.

Washegari masu sayen koko suka yi ta sallama ana ce musu yau babu. Da hantsi na ji ƙarar fartanya a tsakar gida. Na leƙa ta labule. Inna ta ɗage dutsen da ke bakin rariya, inda take juye ruwan gasara tun tana amarya, tana haƙa ƙarƙashinsa. Ba ta bar ƙanwata ta taya ta ba. Can na ji an ajiye abu a ƙofar ɗakina. Da na buɗe, kwanon samira ne daga cikin jerenta, na kabet, wanda ko baƙi ba a zuba wa abinci a ciki, cike da baƙar laka mai wari. Kusa da shi ƙwarya ce da ruwan tsami.

"Ki ce wa 'yar Koki," na ji muryarta daga bakin murhu, "ruwan da ya je can, ta nan ya bi."

Na tsoma takarda, ta yi ja. Amma na san rariya ba kududdufi ba ce. Ruwa ba ya kwanciya a nan, ba lallai ne iskar nan ta taru a ƙarƙashin dutse ɗaya ba, kuma inda babu abinci me zai zaunar da mai ci? Malamina ma haka ya ce, ya ƙara da cewa lokacin da aka ɗiba min ya kusa ƙarewa, gara in rubuta a kan dogayen nan 'yan gidan farko in karɓi takardata in huta. Na ce ya ba ni ɗan lokaci. Ban san ko don kimiyya na roƙa ba ko don kwanon samirar.

Na sake jera kwalabe. Yanzu a jami'a nake tafasa ruwa, amma duk da haka gwangwanin kanwa ya ɓace daga kan katanga, har miyar gidan ta koma tsami ƙanwata tana ƙorafi. Kowace safiya ƙwaryar ruwan tsami tana bakin ƙofata, ko ina buƙata ko ba na buƙata. Makonni suka wuce sirinji bai motsa ba. Daga baya ya fara motsi, amma ɗan kaɗan, wanda sanyin safiya ma zai iya jawowa, tunda iska tana tsukewa idan gari ya yi sanyi. A madubi na ga wasu gajeru masu kauri jefi-jefi. Sun yi kama da na farko. Ko kuma ni ce nake so su yi kama, domin babu na farkon da zan ajiye kusa da su in gwada. A ƙarshe abin da na rubuta ke nan, cewa na ga wasu halittu a laka mai tsami, ban iya sa su a gidan farko ba, ban iya sa su a na biyu ba, kuma ban iya rantsuwa cewa su ne na kududdufi ba. Masu jarrabawa sun yi ta gunaguni kafin su sa hannu. Har yau idan aka tambaye ni me na gano, sai in ce ban sani ba, a ɗauka wasa nake.

Amma kafin a kai ga haka, ana cikin makonnin jiran nan, mijin ƙanwata ya zo ya tafi da ita kudu. Aka naɗe keken, rumfar ta zama fayau. Gidan ya rage daga ni sai Inna sai Baba, wanda shi daga kasuwa sai masallaci. Kwana biyu babu wanda ya ce da wani komai. Abinci ina samun sa a rufe a bakin ƙofa, ni kuma in wanke kwanon in kife inda za ta gani.

Wata safiya ina zaune a ƙasa da kwalba a gabana, na soka sirinji ina kallon sa. Inuwa ta tare hasken ƙofa. Inna ce, da ƙwaryar ruwan tsami a hannu ɗaya, kofi a ɗayan. Ta saba ajiyewa ta wuce, amma yau ta tsaya. Ta dubi wajen rumfa, inda ƙanwata take zama, kamar mai neman wanda za ta aika. Ta dubi kwalbar.

"Sun ci?" ta ce.

Na dubi sirinjin. Ya matsa, amma bai kai faɗin ƙwayar gero ba, kuma garin da ɗan sanyi.

"Sun ɗan taɓa, Inna."

"To. A bar su da tsaminsu." Ta ajiye ƙwaryar. Ba ta tafi ba. Ta ce, "Ke fa?"

Na juya na duba bayana in ga da wa take. Babu kowa sai gado da randa. Kafin in juyo ta ajiye kofin koko a gefen ƙafata, ta koma bakin murhu.